Uba a Gaba, Ɗa a Baya: Gona da Tsufa a Waƙoƙin Seamus Heaney

 Yau za mu tsallaka teku zuwa tsibirin Ailan, yamma da Birtaniya, mu duba yadda wani sha'iri ya shafe shekara 46 yana komawa kan mutum ɗaya, wato mahaifinsa, bai gaji ba, bai kuma yi ta nanata abu ɗaya ba. Sunansa Seamus Heaney, ana furta shi Shemas Hini. Shi ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1995, shekara tara bayan Wole Soyinka. Waƙoƙinsa rubutattu ne, na karantawa, kuma da Ingilishi ya yi su.

Wanda ya jera waƙoƙin da ya yi a kan uban nan, daga ta 1964 zuwa na 2010, zai lura da wani abu. Gonar ɗaya ce, kogin ɗaya ne, uban ma shi ne dai. Mai kallon ne yake tsufa, kuma duk sa'ad da shekaru suka ƙaru masa sai ya hango abin da ya wuce shi a da.

An haifi Seamus ranar 13 ga Afrilu, 1939, a wata gona mai suna Mossbawn kusa da garin Castledawson, gundumar Derry, a Ailan ta Arewa. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Gonar kimanin eka 50 ce, gidan kuma mai rufin ciyawa. Ƙasa ce ta ruwa. Hadari ba ya nisa, ciyawa shar duk shekara, gonaki ƙanana kowace da shingenta na itatuwa, ga kogin Moyola yana gangarawa babban tafkin Neagh, ga layin dogo a bayan gida. Dankalin Turawa ne babban abinci. A gefe kuma akwai fadamu masu wata baƙar ƙasa wadda ruɓaɓɓun tsirrai na dubban shekaru suka tara. Ana yanka ta gunduwa-gunduwa, a shanya, in ta bushe a hura wuta da ita.

Mahaifin, Patrick Heaney, manomi ne, amma zuciyarsa tana wurin fataucin shanu. Maraya ne tun yana ƙarami, kawunnansa suka rene shi, su suka koya masa yadda ake duban saniya a yi mata kuɗi. Mutum ne mai nauyin baki, mai zargin duk maganar da ta yi yawa. Matarsa Margaret kuwa, wadda danginta ma'aikatan masaƙa ne, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Heaney da kansa ya sha faɗin cewa tsakanin shirun uban da maganar uwar aka raba shi, kuma daga wannan ja-in-ja waƙa ta tsiro masa.

To, yaya yaro zai san uban da ba ya magana? Sai ya zuba masa ido yana aiki. Yadda yake riƙe garma, yadda yake taka shebur da ƙafa, yadda yake tafiya da sanda a gefen gona. Shi ya sa da wuya Patrick ya fito a waƙar ɗansa hannu rabbana. Kusan kullum da kayan aiki yake fitowa, tsaye a kan wani yanki na ƙasa da ke da suna.

Boko ne ya raba su. A 1947 aka yi wata dokar ilimi a Ailan ta Arewa wadda ta buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar sakandare in sun ci jarrabawa. Seamus ya ci, kuma a 1951, yana ɗan shekara 12, aka kai shi makarantar kwana ta St Columb's a birnin Derry, tafiyar mil 40 daga gida. Ranar da za su bar shi a can iyayensa suka saya masa alƙalami mai tsada. Daga nan sai Jami'ar Queen's a Belfast, sai aikin koyarwa. Bai sake zama manomi ba.

Yana makarantar kwanan ne, a farkon 1953, mota ta buge ƙanensa Christopher, yaron da bai cika shekara huɗu ba, ya rasu. Aka ɗauko Seamus daga makaranta. A waƙar da ya rubuta daga baya a kan ranar, abin da ya fara cin karo da shi a bakin ƙofar gida shi ne mahaifinsa yana kuka, mutumin da aka sani da dakiya a wurin jana'iza. Ba da daɗewa ba iyalin suka bar Mossbawn suka koma wata gona kusa da ƙauyen Bellaghy. Ke nan gonar da ta cika waƙoƙinsa gona ce da ta riga ta fita hannunsu tun yana saurayi. Da ido na tunani yake nomanta.

A watan Agustan 1964, yana da shekara 25, ya rubuta waƙar da ya sa wa suna "Digging", wato haƙa. Ita ce ta buɗe littafinsa na farko, Death of a Naturalist, wanda ya fito a 1966. Sha'irin yana zaune a ɗaki da alƙalami, sai ya ji ƙarar shebur daga waje. Ya leƙa ta taga ya ga tsohonsa a duƙe yana gyaran furanni. Ganin nan ya mayar da shi shekara 20 baya, lokacin da uban yake tonon dankali su yara suna tsinta, ya kuma ƙara mayar da shi ga kakansa, gwanin yankan baƙar ƙasa a fadama, wanda Seamus ya taɓa kai wa madara a kwalba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga jikan gwanaye ba shi da shebur. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa alƙalami ne zai zama kayan aikinsa.

Wannan tana cikin waƙoƙinsa da aka fi karantar da yara a makarantu, sai dai ba ita ce ta fi zurfi ba. Akwai yabo a cikinta, akwai kuma neman uzuri, irin na ɗan boko da ke son a yarda cewa shi ma aiki yake yi. A kula da inda kowa yake: ɗan yana sama, a cikin ɗaki, uban yana ƙasa, a waje, ga gilashi a tsakani. Heaney da kansa, bayan shekara goma, ya yi mata ba'a cikin wata lacca, ya kamanta ta da ƙaton lebura.

Wadda ta fi ta kaifi tana cikin littafin ɗaya, sunanta "Follower", mai bin baya. Patrick yana huɗa da garmar dawaki. Da motsin linzami da ɗan sautin baki yake juya dawakan a ƙarshen gona, da ido ɗaya yake auna layi ya fito sambal. Yaron yana biye, yana tuntuɓe da dunƙulen ƙasa, ya faɗi ya tashi, ga surutu. Wani lokaci uban ya goya shi. Burinsa duka ya girma ya riƙe garmar nan. Baiti biyar da rabi ana tafiya a haka, sai a ɗangayen ƙarshe komai ya juye: yanzu uban ne a baya yana tangaɗi, ya kuma ƙi rabuwa da shi.

Masu karatu da yawa suna ɗaukar ƙarshen nan a matsayin hoton tsoho da ƙarfi ya ƙare masa. Amma a duba lissafi. Littafin ya fito a 1966, Patrick kuwa sai 1986 ya rasu. Shekara 20 cif ya ƙara a duniya, yana harkokinsa. Ashe tsufan da ke cikin waƙar ba na jiki ba ne tukuna. A cikin kan ɗan ne uban yake tangaɗi, ya zame masa wani nauyi da ya kasa saukewa. Akwai kuma tsufan sana'ar kanta, domin a lokacin tarakta ta riga ta kori dawaki daga gonakin Ailan, gwanintar da yaron ya yi ta sha'awa ta zama abin tarihi tun mai ita yana da sauran ƙarfi. Waƙa ce mai kyau, amma akwai gajen haƙuri a cikinta, irin na mai shekara ashirin da 'yan kai. Ƙuruciya dangin hauka. A shekarar da littafin ya fito aka haifa wa Seamus ɗansa na fari.

Wannan labari na ɗan manomi da birni ya ɗauke tsoho ne a waƙar Ingilishi. A 1800 William Wordsworth ya buga wata doguwar waƙa mai suna "Michael", labarin tsohon makiyayi a tsaunukan arewacin Ingila, kusa da Grasmere. Bashin wani ɗan'uwa da ya tsaya wa ya faɗo kansa. Don kada ya sayar da gonar gado, sai ya tura ɗansa ɗaya tilo, Luke, birni neman kuɗi. Kafin yaron ya tafi ya sa shi ya aza dutsen farko na garken tumakin da za su gina. Luke ya lalace a birni, ya gudu ƙasar waje. Tsohon ya yi shekara bakwai yana zuwa wurin ginin, ya mutu bai gama ba. Tarin duwatsun ne ya rage yana ba da labari. Heaney ya san aikin Wordsworth ciki da bai, har ya zaɓo waƙoƙinsa ya haɗa littafi. Sai dai Wordsworth daga gefe ya tsaya yana tausaya wa tsoho, ba a taɓa jin ta bakin Luke ba. Heaney shi ne ɗan da ya tafi, kuma shi ke riƙe da alƙalami.

Daga 1969 Ailan ta Arewa ta faɗa rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Iyalin Heaney 'yan Katolika ne, kuma a yankinsu kowa ya san gonar wane ta ɗan wace ɗarika ce. A irin wannan wuri kame baki dabarar zaman lafiya ce, don haka shirun Patrick ba halinsa kaɗai ba ne, har da na ƙasar da ta haife shi. A 1972 Seamus ya ajiye aikin jami'a ya kwashe iyalinsa zuwa kudu, wani ɗan gida a Glanmore, gundumar Wicklow.

Nisan ya yi masa amfani. A littafin Field Work na 1979, yana da shekara 40, akwai waƙar "The Harvest Bow". A ƙauyukan Ailan, lokacin girbi, akan kitsa karan alkama a yi wani ɗan ado mai kama da ƙulli, a maƙala a ƙirjin riga. Patrick gwani ne a wannan. Hannun da ya saba da sandar korar shanu shi ne yake wannan aiki mai laushi, ba tare da ya ko dubi yatsunsa ba. Ɗan ya ajiye guda a jikin kabad ɗin gidansa. In ya ɗaga shi ya leƙa ta cikin ramukan kitson sai ya ga wani yammaci can baya: su biyu suna tafe a gefen layin dogo cikin doguwar ciyawa, shi da sandar kamun kifi, uban yana fyaɗar kan ciyayi da tasa sandar, ba mai cewa uffan. A jikin wani bango akwai takardar gwanjo.

A nan hukuncin ya canza. Shirun da ya zama nauyi a 1966 ya koma abin da ake iya riƙewa a hannu, a juya, a karanta. Kuma a karon farko ɗan ya yarda cewa tsohon ma mai fasaha ne, cewa abin da shi yake yi da kalmomi uban ya daɗe yana yin sa da kara. Tsayuwarsu ma ta canza. Ba wanda ke gaba, ba wanda ke baya, kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. In za a ce a zaɓi waƙa ɗaya cikin duka jerin, wannan ce ta fi cancanta, domin ba ta tilasta wa uban ya faɗi abin da ba zai taɓa faɗa ba.

Shi ma a lokacin ya fara jin yadda uba yake ji. A littafinsa na 1984 akwai waƙar da yake sakin filfilon takarda mai igiya a sama tare da 'ya'yansa maza biyu, ya miƙa musu igiyar don su ji yadda take ja, yana nufin nauyin baƙin cikin da kowane mai rai zai ɗauka. A shekarar mahaifiyarsa ta rasu. Ita ya yi mata jerin waƙoƙi takwas nan da nan, har da wadda suke feraye dankali su biyu a kicin sauran 'yan gida sun tafi coci. Na uban sun fi ɗaukar lokaci.

Patrick Heaney ya rasu a watan Oktoban 1986. Shekara biyar bayan haka aka buga Seeing Things, littafin da uban ya mamaye. A cikinsa akwai labarin da ya kamata a tsaya a kansa.

Wata rana Patrick zai je feshin dankali a wata gona da ke bakin kogi. Feshin nan ba wasa ba ne a Ailan, domin cutar dankali ce ta jawo babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. Yaron ya so ya bi shi, uban ya hana, ya ce injin babba ne, maganin zai iya ƙona masa ido, dokin kuma bai gama horuwa ba. Seamus ya zauna a gida yana huce haushi da jifan tsuntsu. Can sai ga uban ya shigo tsakar gida a ƙasa, a firgice, tafiyarsa ba daidai ba, kansa ba malafa. Ashe yana juyawa a bakin gaɓa dokin ya tuma, amalanke da injin da dokin duka suka rufta cikin wani gurbi mai zurfi. Da ƙyar ya sha. Malafar kuwa ruwa ya tafi da ita.

Abin ya faru ne sha'irin yana yaro, amma sai da ya haura hamsin, uban kuma yana kabari, ya iya rubuta shi. A "Follower" bayan uban ake gani, faffaɗan kafaɗu suna tafiya gaba. A nan fuskarsa ake gani, ba malafa, ba sanda, ba gwaninta. Kogin da ya kusa cinye shi shi ya tuɓe masa kwarjini, ya bar mutum mai jin tsoro kamar kowa. Heaney ya ɗauki wannan yammaci a matsayin lokacin da suka ga juna ido da ido.

A littafin dai akwai waƙar da ta nuna Patrick a kwanakinsa na ƙarshe, yana kallon gonarsa ta tagar bene, ya miƙa hannu ya laluɓo sandarsa ta korar shanu don ya iya tsayuwa. Sandar da ta kasance alamar iko a kasuwa ta zama abin dogarawa. Akwai kuma wadda ta koma can baya, ta nuna Patrick yana ƙaramin yaro ba takalmi yana gudu cikin gonaki ranar da nasa uban ya rasu. Ɗa mai shekara 52 yana kallon ubansa yana maraya ɗan ƙanƙane. Wannan gani ne da saurayin 1966 ba shi da shi.

A wannan mataki Heaney ya nemi taimakon wani tsohon sha'iri, Virgil na Daular Rumawa, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A babbar waƙarsa ta Latin, Aeneid, jarumi Aeneas ya goya tsohon ubansa Anchises ya fitar da shi daga birnin Troy da ke cin wuta, yana riƙe da hannun ƙaramin ɗansa. Bayan tsohon ya mutu, a kashi na shida, Aeneas ya sauka duniyar matattu, kamar yadda Rumawa suka ɗauke ta, ya tarar da uban a wani koren kwari kusa da kogi. Sau uku ya kai hannu zai rungume shi, sau uku hannun ya kama iska. Heaney ya fara jin labarin wannan kashi ne a ajin Latin na St Columb's, wurin wani malami mai suna Fada Michael McGlinchey. Abin da ya ji a aji ya dawo masa da wata ma'ana bayan ya binne nasa uban. Da fassarar wani yanki na wannan kashi ya buɗe Seeing Things, kuma a zuciyarsa kogin Moyola ya zama kogin wancan kwarin.

Sai wata 'yar gajeriyar waƙa a littafin 1996. Ya buga waya gida, aka ce ya dakata a kira tsohon, yana lambu yana cirar ciyawa. Cikin 'yan mintocin jiran nan ya hango shi a durƙushe yana taɓa ganye ɗaya-ɗaya, ya ji agogon falo yana bugawa ta cikin wayar, tunanin mutuwa ya faɗo masa. Da uban ya ɗauka ya yi magana, saura ƙiris ɗan ya gaya masa yana ƙaunarsa. Bai faɗa ba.

Ba kowane sha'iri ne ya samu wannan dogon zango ba. Dylan Thomas na ƙasar Wales ya yi shahararriyar waƙa, wadda aka buga a 1951, yana roƙon mahaifinsa da ke fama da ciwo da makanta kada ya miƙa wuya ga mutuwa. Ihu ce mai ƙarfi, ta ɗa wanda bai yarda uba zai iya raunana ba. Uban ya rasu a Disamban 1952, ɗan ya bi shi a Nuwamban 1953 yana da shekara 39. Bai kai shekarun da zai ji a jikinsa abin da tsohon yake ji ba.

Heaney ya kai. A watan Agustan 2006, yana baƙunta a gundumar Donegal, ya farka da shanyewar ɓarin jiki. Abokai ne suka ɗauko shi daga bene zuwa motar asibiti. Ya warke, amma daga ranar ya san yadda ake ji in an ɗauke mutum a hannu. Littafinsa na ƙarshe, Human Chain, ya fito a 2010, kuma cike yake da ɗauka da miƙawa da tallafa. A nan ne ya rubuta waƙar alƙalamin da aka saya masa a 1951. A nan ne ya tuna yadda yake lalubar aljihun kwat ɗin uban yana saurayi don neman guntun sigari, ya haɗa wannan da lokacin da hannayen nan nasa suka koma yi wa tsohon wanka, jikin ya zama ba nauyi.

A nan ne kuma ya ƙirga nasa sau ukun. Cikin jerin waƙoƙin da ya kira "Album" ya lissafa lokutan da ya kamata ya rungumi mahaifinsa. Na farko a bakin kogi, a bazarar da zai tafi makarantar kwana, bai gane ba a lokacin cewa tsohon ya biyo shi ne don ya san rabuwa ta zo. Wannan ya wuce bai yi ba. Na biyu wani dare da uban ya sha ya bugu har sai da aka taimaka masa da maɓallan wando. Na uku a makonsa na ƙarshe, yana tallafe da shi zuwa banɗaki. Biyun da suka yiwu larura ce ta kawo su. Wanda ya yi abin kai tsaye, ba dalili, jika ne, ƙaramin yaro da ya ruga ya ɗafe wuyan tsohon yana zaune a kujera, tsohon kuwa ya narke.

Mai sauraro a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. Mun san uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, amma in yaron ya kwanta ciwo shi ne ba ya runtsawa, mun kuma san jikan da ke hawa kan wannan tsohon ya ja masa gemu ba wanda zai ce don me. Sai dai a wurinmu alkunya al'ada ce da kowa ya san fassararta, ɗa ya san ba ƙi ba ne. A gidan su Heaney ba wanda ya yi wa yaron wannan fassara, shi ya yi ta nema da kansa har ya kai saba'in.

Akwai masu sukar da ke cewa Heaney ya ƙawata wahalar noma, ya mai da gumin wasu abin sha'awa ga mutanen birni. A waƙoƙin farko akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi. Amma ba zai tsaya a kan na ƙarshe ba. Wanda ya rubuta ubansa a buge, ya rubuta shi a hanyar banɗaki, ba ado yake yi ba.

Seamus Heaney ya rasu a wani asibiti a Dublin ranar 30 ga Agusta, 2013, yana da shekara 74. Kwana biyu bayan haka, mutum fiye da 80,000 da suka taru kallon wasa a filin Croke Park suka miƙe suna tafa masa. A wurin jana'iza ɗansa na fari ne ya yi magana a madadin iyali, ya bayyana cewa 'yan mintoci kafin ya cika ya aika wa matarsa Marie saƙon waya da Latin, yana ce mata kada ta ji tsoro. Ko da yake ya shafe shekara 41 a kudu, arewa aka mayar da shi, aka binne shi a Bellaghy, a maƙabartar da iyayensa da ƙanensa Christopher suke.

Ya bar aiki ɗaya a kammale cikin takardunsa: fassarar kashi na shida na Aeneid gaba ɗaya, wanda aka buga a 2016. A gabatarwar ya ce biyan bashin malaminsa na Latin ne, ya kuma ce rasuwar mahaifinsa da haihuwar jikarsa ta farko suna cikin abin da ya tura shi ga aikin. A shekarar kuma aka buɗe wata cibiya mai sunansa a Bellaghy, a filin da a da ofishin 'yan sanda ne, inda ɗalibai ke zuwa su saurari waƙoƙin da muryarsa.